Kafin a kai gawa makwanci: aikin shugaban masu binciken mutuwa

A Gusau ko Birnin Kebbi in mutum ya rasu da asuba, kafin azahar an yi mashi wanka an sallace shi an kai shi makwancinsa, haka addini ya koyar kuma babu mai jayayya da hakan. Sai dai waɗannan 'yan awoyin su ne kaɗai damar da ake da ita ta sanin abin da ya kashe shi, in dai mutuwar ba irin wadda aka saba ba ce, ta tsoho da ya daɗe yana jinya ko mara lafiyan da likita ya san ciwonsa. Yaro lafiyayye ya kwanta bai tashi ba, amarya ta ci tuwon dare ta fara amai, an tsinci mutum a bakin gulbi, an kai matashi ofishin 'yan sanda da ƙafarsa an fito da shi a kwance. A ƙasashen da sunka ɗauki abin da gaske akwai ofishi guda da aikinsa ke nan, akwai kuma mutum ɗaya da ke riƙe da ragamar ma'aikatan, kuma abin da zai ba mutane mamaki shi ne yawancin aikin wanga mutum ba wuƙa ba ce, waya ce da takarda da yanke shawara cikin gaggawa.

Tsari biyu ne a duniya, a taƙaice. Na farko na Ingila ne, tun shekarar 1194 ake naɗa wani jami'in sarki da ke binciken mutuwar da ba a gane kanta ba, shi ne Turawan mulkin mallaka sunka kawo mana, kuma a nan majistare ne ke ɗaukar wagga kujera. Ba likita ba ne, shi dai yana ba da umarni a rubuce a binciki gawa, in ta kama ya zauna ya saurari shaidu ya faɗi wane ne ya mutu, yaushe, a ina, ta wace hanya. Na biyun na Amurka ne, jihar Masacuset ta fara a 1877, birnin Niyok ya buɗe nashi ofishin a 1918 da Dokta Charles Norris a matsayin shugaba na farko, inda likita ƙwararre kan binciken gawa ke riƙe da ofishin gaba ɗaya, da ma'aikatansa da motocinsa da ɗakin gwajinsa. Legas ta yi sabuwar doka a 2007 ta haɗa biyun, ga majistarori ga kuma babban likitan binciken gawa na jiha, Farfesa John Obafunwa ya riƙe wannan muƙamin, kuma an ga amfanin abin lokacin da jirgin Dana ya faɗi a Yunin 2012 da mutum 153 a ciki, da gwajin ƙwayoyin halitta anka gane gawarwaki da dama da sunka ƙone. Mu kuma Kebbi da anka cire daga Sakkwato a 1991 da Zamfara a 1996, abin da munka gada shi ne na majistare, irin na tsohuwar Jihar Arewa.

Matsalar tsarin namu ba wai babu ma'aikata ba ne kwata-kwata, a'a, a warwatse suke. Ɗan sanda mai bincike na ƙarƙashin DPO, majistare na ƙarƙashin babban jojin jiha, likita na ƙarƙashin asibitinsa, wataƙila ma asibitin na tarayya ne kamar FMC Gusau ko asibitin koyarwa na Birnin Kebbi, mai kula da mutuware kuma shi da shugaban asibiti, rajistar mutuwa na hannun hukumar ƙidaya ta ƙasa bisa dokar 1992. Kowa na da oganshi, amma gawar ita ba ta da oga. Shi ya sa in anka ce shugaban tawagar binciken mutuwa, to ana nufin mutumin da zai ɗauki gawa ɗaya ya bi ta daga inda anka same ta har zuwa ranar da za a karanta rahoton a kotu, in wani abu ya ɓace a tsakani shi za a tambaya.

Aikinsa na farko tantancewa ne. Ba kowace mutuwa ce ke shiga hannunsa ba, da ofishin ya nutse a mako ɗaya. Waɗanda doka ta fi damuwa da su su ne mutuwar fuju'a da ba a san dalili ba, kisa, hatsari, shan guba, nutsewa, gobara, wanda ya kashe kansa, gawar da ba a san mai ita ba, da duk wanda ya mutu a tsare, ko a caji ofis ko a gidan yari. Waya na shigowa dare da rana, to dole a sami mai dutin dare da ya san tambayoyin da zai yi, shekarunsa nawa, wa ya gan shi da rai na ƙarshe, wane magani yake sha, an motsa shi ko yana yadda anka same shi. Daga amsoshin nan ake raba gawa gida uku, wadda za a saki nan take, wadda za a duba jikinta ta waje a ɗauki hoto da jini a saki, da wadda ba makawa sai an buɗe. Shugaba ba shi ke ɗaukar kowace waya ba, amma da safe yana zaunar da mutanensa su bi duk abin da ya shigo jiya ɗaya bayan ɗaya, kuma waɗanda ya fi sa wa ido su ne waɗanda anka saki, domin wadda anka riƙe bisa kuskure ɓacin ran dangi ne na yini ɗaya, wadda anka saki bisa kuskure kuwa sai dai tono kabari da izinin kotu, kun kuma san yadda wannan yake a wurinmu.

Sai wanda ke zuwa wurin da abin ya faru. A Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta, yawanci tsofaffin nas-nas ne ko ma'aikatan motar asibiti ko tsofaffin 'yan sanda, har hukumar ba su satifiket anka kafa a 1998. Bambancinsa da ɗan sanda shi ne ɗan sanda na neman wanda ya yi, shi kuma yana neman abin da ya faru da jikin. Zai duba yadda gawar ke kwance, ya taɓa ya ji ko ta sandare, ya juya ya ga inda jini ya kwanta. In zuciya ta tsaya jini na gangarawa ɓangaren da ke ƙasa, bayan awa 8 zuwa 12 ya kafe a nan, to in ka samu mutum a rigingine amma jinin ya kwanta a ƙirji da ciki, ka san wani ya juya shi bayan ya mutu. Sandarewa kan fara cikin awa 2 zuwa 6, ta cika wajen awa 12, daga baya ta saki. Amma fa a nan ne shugaba mai hankali ke ja wa yaransa kunne, saboda lissafin nan a ƙasashen sanyi anka yi shi. Littafi zai ce maka gawa na hucewa kusan digiri ɗaya kowace awa, to ina za ta huce a Argungu ko Talatar Mafara a watan Afrilu, a ɗaki mai rufin kwano, zafin waje ya haura 40 alhali jikin ɗan Adam 37 ne? Komai na gudu a zafi, sandarewa ta zo da wuri ta tafi da wuri, kumburi ya fara tun ba a kwana ba. Duk wanda ya rubuta maka cewa mutum ya mutu ƙarfe biyu da kwata na dare daga taɓa gawa kawai, burga yake yi, rahoton kirki cewa yake tsakanin lokaci kaza da kaza.

Kuma sau da yawa ɗakin ne ke ba da amsa, ba gawar ba. Iyali guda a wayi gari duk sun mutu a ɗaki a rufe, gari ya ɗauka da cewa guba anka sa masu ko asiri ne, kafin la'asar an fara nuna wata kishiya ko wani maƙwabci da yatsa. Mai binciken da ya san aikinsa zai fara leƙa baranda ya ga ko akwai janareta da tankinta ya ƙone ƙarƙaf, ko kaskon gawayi da anka shiga da shi saboda sanyin hunturu, don hayaƙin nan ba ya wari kuma yana kashewa cikin barci, gwajin jini na tabbatar da shi. Zai duba ko akwai buhunan wake da anka sa wa ƙwayar maganin ƙwari a ɗakin da ake kwana, ko kwalbar fiya-fiya, ko ragowar abincin daren. In babu wanda ya je da wuri, an share ɗakin, an wanke kwanuka, an fitar da janareta don masu zaman makoki su samu wuri, shi ke nan, zargin zai zauna kan wata baiwar Allah har ta mutu.

Daga nan sai takarda, inda ni a ganina aka fi yin ɓarna. Ka ɗauki satifiket ɗin mutuwa da yawa za ka ga an rubuta wai zuciya da numfashi ne sunka tsaya. To wa ya taɓa mutuwa zuciyarsa na bugawa? Abin da ake so shi ne mi ya jawo tsayawar, zubar jini a ciki saboda saifa ta fashe saboda mota ta buge shi, haka ake bin abin baya baya har a kai tushe. Bayan sababi kuma akwai yanayin mutuwar, a tsarin Amurka kashi biyar ne, ta ciwo, ta hatsari, kisan kai da wani ya yi, wanda ya kashe kansa, da wadda ba a iya tantancewa ba. Na biyar ɗin nan shi ne ke gwada shugaba, domin kowa na son amsa, dangi na so, 'yan sanda na so su rufe fayil, 'yan jarida na jira, shi kuma dole ya iya sa hannu a ƙarƙashin cewa ba mu gano ba in dai ba su gano ba. Haka kuma ba a barin likita ɗaya ya rubuta ya sa hannu ya wuce, musamman a kes ɗin kisa ko na jariri ko na wanda ya mutu a tsare, sai wani ya sake karantawa ya duba hotuna. Ingila da kanta ta ji a jikinta, wani likita Harold Shipman ya yi shekaru yana yi wa marasa lafiyarsa allurar da ke kashe su, yana cike masu takardar mutuwa da hannunsa, a shekarar 2000 kotu ta same shi da laifin kashe 15, binciken da anka yi daga baya ya gano sama da 200. Sai a Satumbar 2024 sunka mayar da shi doka cewa kowace mutuwa sai wani da ba shi ya yi jinyar ba ya duba ta.

Akwai kuma tsare kayan shaida. Harsashin da anka ciro, kwalbar jini, rigar da ke jikinsa, wayarsa, kowanne a leda ko takarda daban, a liƙe, a sa lamba, duk wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata da lokaci. Gajiyarwa gare shi amma lauya mai wayo ba ya ɓata lokacinsa yana musu da ilimin likita, tambaya ɗaya zai yi, tsakanin Gusau da ɗakin gwajin da anka kai jinin nan a hannun wa ya kwana? In babu amsa a rubuce an gama da wagga shaida.

Yanzu ga inda abin ya fi zafi a wurinmu. Dattijo zai tsaya a ƙofar mutuware ya ce, likita don Allah ka ba mu gawarmu mu je mu yi mata sutura, kwana ne ya ƙare, mun bar wa Allah. Shugaban da zai fara karanto mashi sashen doka bai san inda yake aiki ba. Baba na da hujja, akwai hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, akwai umarnin gaggauta jana'iza. Amma addinin nan dai shi ne ya ɗora hukunce-hukunce masu nauyi kan sanin yadda mutum ya mutu. Ƙisasi da diyya sun rataya ne kan ko ganganci ne ko kuskure, wanda ya kashe mutum da gangan ba ya gadonsa, a mazhabar Malikiyya har ƙasama ake yi, rantsuwa 50, idan akwai alama mai ƙarfi amma shaida ba ta cika ba, kuma a Suratul Baƙara ma labarin saniyar nan kan wanda anka kashe ne mutane na ta tura wa juna laifi. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta yi fatawa tun 1976 cewa ya halatta a buɗe gawa don binciken laifi da kuma gano annoba. Jihar da ta ƙaddamar da shari'a kamar Zamfara ya ci a ce ita ce kan gaba wajen wanga aiki, don alƙali ba zai yanke hukuncin jini a kan jita-jita ba. Abin da ya rage wa shugaba shi ne ya sauƙaƙa, ya ce Baba ku yi haƙuri ku ba mu awa uku, a fara gina kabari mu kuma muna namu, ya sa gawar Musulmi da za a rufe yau a gaban layi, ya samu mace ta tsaya kan gawar mace, a rufe al'aura, a ɗinke tsaf, a kira limamin unguwa ko wani babba a dangi a yi mashi bayani a gefe. Da yawa ma ba sa buƙatar yanka, duba jiki da hoto da ɗiban jini da fitsari da ruwan ido da sirinji ya wadatar, a Ingila har na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ake amfani da ita ga iyalan Musulmi da Yahudawa da ba sa son a buɗe.

Wanda duk ke ganin abin nan na masu kisa ne kawai ya tuna 2010. Yara sun yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Dareta, 'Yargalma, Abare, daga baya Bagega, suna jijjiga suna sumewa, ana cewa zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, ana rufe su ɗaya bayan ɗaya. Sai a watan Maris likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sunka lura maganin da suke bayarwa ba ya aiki, anka gwada jini anka ga gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, a wasu yaran ma na'urar gwajin hannu ƙurewa take don gubar ta wuce iyakar abin da take iya aunawa. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka wato CDC ta bi gida gida a ƙauyuka biyu, ta samu yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara ɗaya, ɗaya cikin huɗu ke nan, kuma mutanen gari sun ce agwagi ne sunka fara ƙarewa tun kafin yaran. Aƙalla yara 400 anka rasa. Babu wanda ya buƙaci feɗe gawa don gano wannan, abin da ya ɓace shi ne teburi ɗaya da rahoton mutuwar ke taruwa a kai, da mutum ɗaya da zai duba ya ce ya aka yi yara goma sunka mutu da jijjiga a gari ɗaya a wata ɗaya. Wannan ma aikin shugaba ne, kallon jimla, haka zai hango sanƙarau irin na 2017 da ya fi yi wa Zamfara ɓarna, ko wata kwanar hanya da ke cin rai kowane mako.

Ranar da gawarwaki sunka zo da yawa kuwa nan ake sanin ko an shirya. Jirgin ruwan da ya nutse a Mayun 2021 kan hanyarsa daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, rahotanni sun ce sama da mutum 150 ke ciki, an yi kwanaki ana tsamo mutane. Gawar da ta kwana uku a ruwa uwar da ta haife ta ma na iya kuskure, shi ya sa ƙa'idar Interpol, wato 'yan sandan ƙasa da ƙasa, ba ta dogara da kallon fuska, zanen yatsa take so ko haƙori ko ƙwayoyin halitta. Ko babu waɗannan, Red Cross na koyar da abin da kowa zai iya, a ba kowace gawa lamba, a ɗauki hotonta da lambar, a rubuta tufafi da tsagar fuska da tabo da abin da ke aljihu, a rufe su a jere a zana taswirar wa ke ina. Haka ya kamata a yi bayan harin 'yan bindiga ma, inda ake jera mutane a sallace su a rufe cikin tsoro da sauri. Ba don ƙididdiga kaɗai ba. Matar da mijinta ya shiga jirgin nan ba a ga gawarsa ba, takaba za ta shiga ta wata huɗu da kwana goma ko jiran ɓatacce za ta yi, wanda a Malikiyya shekara huɗu ne bayan an kai wa alƙali? Uba da ɗa da sunka nutse tare ba a san wanda ya riga ba, ba sa gadon juna. Hoto ɗaya mai lamba na iya warware wa gida guda wannan.

Matsin lamba kuma ba ya yankewa. Wanda ya mutu a tsare shi ne mafi wuya, saboda waɗanda za su kawo maka gawar da bayanin su ne ake zargi. Majalisar Ɗinkin Duniya na da ƙa'idar Minesota da anka sabunta a 2016 kan irin wagga mutuwa, Najeriya na da dokar hana azabtarwa ta 2017, amma a aikace abin ya rage ga mutum ɗaya da za a bugo wa waya daga sama a ce ranka ya daɗe a duba mana wannan rahoton. Shugaba nagari shi ke ɗaukar wayar, ba ya barin ta kai ga ƙaramin likitan da ya yi aikin.

Su kansu ma'aikatan sai an kula da su. Ƙungiyar likitocin binciken gawa ta Amurka ta ce kada likita ɗaya ya wuce gawa 250 a shekara, in ya haura 325 ofishin ba ya samun amincewarsu, don gajiya ke kawo kuskure. Mai aikin mutuware a wurinmu ga ƙaramin albashi ga ƙyamar mutane, wani ko hannu ba ya son ba shi, alhali shi ke fuskantar tarin fuka da ciwon hanta da zazzaɓin Lasa da safar hannu ɗaya. Firij na buƙatar ya zauna wajen digiri 4, wuta ta ɗauke dizal ya ƙare, duk ilimin likita ya tashi a banza, saboda haka rabin ranar shugaba a neman dizal da safar hannu da man mota take ƙarewa. Sannan wanda ya ɗauki gawar yara biyar yau bai kamata a tura shi ta shida gobe ba, ko da ya ce ba komai oga, a canza mashi duti.

Kuɗin fa, wa zai biya? Inda duk anka bar wa dangi su biya kuɗin binciken gawa da na gwaji, talaka zai ce ya yafe ko da ya san kashe ɗan'uwansa anka yi, mai kuɗi kaɗai ke samun rahoto. Binciken da majistare ya ba da umarni aikin gwamnati ne, a kasafin jiha ya kamata ya fito. Sai batun ƙarƙashin wa ofishin zai zauna, in ka sa shi ƙarƙashin 'yan sanda ba zai iya binciken wanda ya mutu a hannunsu ba, in ka sa shi ƙarƙashin shugaban asibiti zai sha wuya ranar da mara lafiya ya mutu a tiyata saboda sakaci. Ni dai da za a tambaye ni, a ba shi kasafinsa daban, ya riƙa kai rahoto ga babban jojin jiha, kwafi ga ma'aikatar lafiya saboda annoba. Ga ƙauyukan da babu likita kusa kuma, akwai fom ɗin tambayoyi da hukumar lafiya ta duniya wato WHO ta tsara wanda ake zama da dangi bayan an share makoki a tambaye su alamomin ciwon da mamacin ya yi, hukumar ƙidaya ta yi amfani da irinsa a 2014 da 2019 kan mutuwar ƙananan yara, ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibitin gunduma zai iya cike shi a waya ya tura Gusau ko Birnin Kebbi a ranar.